Birki Na Kuka, Bakanike Na Canki-Canka

Daga ƙarshen watan Satumba, lokacin da ruwa ya fara ɗaukewa a Gadarif, manoma kuma suka shiga haramar yankan riɗi, akwai wata ƙara da ke cika titunan garin nan. Jif ce za ta wuce ka, Prado ko Land Cruiser ko wata 'yar'uwarsu, tayar baya tana ƙiii-ƙiii kamar ana wasa wuƙa a kan dutse. In ta tsaya, sai wani ƙauri ya biyo bayanta kamar an manta tukunya a wuta babu ruwa. Direban ya ji. Matar da ke sayar da shayi a gindin bishiya ta ji. Amma kowa ya ɗauke kai, domin kunnenmu ya saba, har mun mayar da abin wani ɓangare na hayaniyar kaka.

Wannan ƙara, sau da yawa, birkin baya ne ya riƙe. Direba ya ɗaga ƙafarsa amma birkin bai saki tayar ba, motar tana tafiya tana jan ƙafa ɗaya. A kan haka nake son yin magana da mutum uku: mai mota, da bakanike, wanda a nan Sudan muke kira usta, da mai sayar da kayan gyara. Zargin da nake yi musu guda ne, kuma ba zan lulluɓe shi ba. Sun haɗu sun yarda cewa da zarar ƙara ta ɗauke, gyara ya kammala. Mai mota shiru yake zuwa saye, usta shiru yake sayarwa, mai shago yana gefe yana ƙirga riba. Ciwon kuwa yana nan inda yake, baki kawai aka toshe masa.

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar bakanikai ta garin nan, wadda muke ce wa Mantiƙa Sina'iyya, ya san yadda cinikin yake tafiya. Mai mota zai shigo, ko injin bai kashe ba, ya ce: "Usta, bayan nan na ƙara, kuma sauri nake, leburori na jirana a gona." Usta ya sunkuya ya leƙa ta ramin wili, ko jak bai ɗauko ba, ya ce: "Takalmin birki ne ya cinye." A aiki yaro shago. Cikin rabin awa an cire tsoho an sa sabo, an kewaya da motar sau ɗaya, ƙara ta ɗauke, an biya, kowa ya yi wa kowa godiya. Babu wanda ya tsaya ya yi tambayar da ta fi komai muhimmanci: me ya sa takalmin tayar hagu ya cinye har ƙarfe, alhali na dama, da aka sa su rana ɗaya, ko rabi bai ci ba?

Wani mai sauraro ya taɓa kiran shirinmu na rediyo yana kukan cewa sau uku ya canja takalmin taya guda tsakanin damina da kaka, har ya fara zargin an yi wa motarsa asiri. Na tambaye shi ko a cikin ukun nan akwai lokacin da aka ɗaga motar aka juya tayar da hannu bayan an gama aiki. Ya ce a'a. To, ai babu wani asiri a nan. Cinyewar takalmi alama ce ta wani abin da ke matse shi dare da rana. Wanda ya canja takalmi ya bar abin da ke matsewa, daidai yake da wanda ke sauya wa mara lafiya zanin gado kullum saboda gumi, bai taɓa tambayar dalilin zazzaɓin ba.

Domin mai karatu ya gane inda matsalar take, bari in ɗan bayyana yadda birki yake saki, tunda yadda yake kamawa kowa ya sani. In ka taka birki, man birki yana tafiya ta bututun ƙarfe, ya shiga tiyon roba, ya tura fistin da ke cikin matsen birki, wato kalifa, shi kuma ya matse takalma biyu a jikin farantin da ke juyawa da taya. In ka ɗaga ƙafa, babu wani sifirin da zai janye fistin ɗin baya. Zoben roba ne ɗan siriri da ke kewaye da shi yake lanƙwasawa lokacin turawa, sannan ya dawo da shi da ɗan abin da bai wuce kaurin takarda ba. Kalifar ita ma dole ta zame a kan wasu sanduna biyu masu giris kafin takalmin waje ya saki. Ka ga ke nan sakin birki ya dogara da abubuwa masu rauni ƙwarai. Ɗan tsatsa, ko ɗan tabo, ko roba da ta kumbura, ya isa ya hana shi.

Sannan jif tana da wani abu da direbobi da yawa ba su sani ba. A Prado da manyan Land Cruiser, birki biyu ne a cikin kowace tayar baya. Akwai na faranti, wanda ake takawa da ƙafa. A tsakiyar farantin kuma, ta ciki, akwai wata ƙaramar ganga mai nata takalma da sifirin, ita ce birkin hannu. Ba a ganin ta sai an zare farantin gaba ɗaya. Saboda haka mutum na iya canja takalmin waje sau goma, alhali abin da ke riƙe tayar yana ɓoye a ciki bai ma san da shi ba. Hilux kuwa, wadda mutanen nan ke kira boksi, yawancinsu ganga ce zalla a baya, ƙafa da hannu duk takalma ɗaya suke turawa. Usta da bai fara tantance wane irin birki ne a gabansa ba, da me zai gane ciwonsa?

Ƙasar Gadarif kuma ba ta raga wa birki. Baƙar lakar nan da ta mayar da yankin rumbun dawa da riɗi na Sudan, tun da aka fara noma da inji a Gadambaliya a shekarun 1940, ita ce babbar abokiyar gabar tayar baya. Da damina, daga Yuni zuwa Oktoba, takan zama kamar danƙo, ta cusa kanta cikin ganga, ta lulluɓe kebul ɗin birkin hannu da ɗan hannun ƙarfen da kebul ɗin yake ja. In rana ta fito ta bushe ta yi tauri kamar tubali. Motar da ta ratsa kwari cike da ruwa birkinta yana da zafi, ruwa ya samu hanyar shiga duk inda roba ta tsage. Wata kuma an ajiye ta makonni an ja birkin hannu saboda hanyar gona ta yanke, takalma suka manne da ganga. Da kaka ta zo sai a tashe ta a guje, domin riɗi ba ya jira, in aka yi jinkirin yanka shi sai ya fashe ya zube ƙasa. Wannan gaggawar ce take kai mu wurin usta muna cewa a kashe mana ƙara kawai.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, gano ainihin ciwon ba ya bukatar kwamfuta, ba ya bukatar kayan aiki daga waje. Kunne ne, da tafin hannu, da jak, da sifana ɗaya. Ni aikina da kunne nake yin sa, saboda haka da shi zan fara. A sami fili babu jama'a, a tafi a hankali, gilasai a buɗe. In ƙarar ta canja ko ta ɗauke da an ɗan taɓa birkin ƙafa, maganar tana wajen takalmi da faranti. Siririyar ƙara mai kama da fito sau da yawa ɗan harshen ƙarfe ne da aka maƙala a jikin takalmi da gangan, domin ya yi kuka in takalmin ya kusa ƙarewa. Gurnani mai kauri kuwa, ƙarfe ne ya riga ya hau ƙarfe. In birkin ƙafa bai canja komai ba, a ɗan ja birkin hannu ƙas ɗaya ko biyu. In sautin ya sauya, to a nemi laifin cikin ƙaramar gangar nan. In kuma wani gunji ne da ke ƙaruwa da gudu, yana sauyawa in an karya sitiyari hagu ko dama, babu ruwan birki, boris ne. Akwai kuma ƙarar da ba ta damu da komai ba, kullum tana nan shaa-shaa: ko tsakuwa ce ta maƙale, ko farantin kare ƙura da ke bayan birki ne ya lanƙwashe yana gogar faranti. Wannan da yatsa ake miƙe shi, ba a biyan ko sisi.

Na biyu, zafi. A yi tafiyar kilomita 4 ko 5 a hanya mai kyau ba tare da yawan taka birki ba, a bar motar ta tsaya a hankali. A kewaya a kusantar da bayan hannu ga kowane wili, ba tare da an taɓa farantin ba, domin yana iya ɗaye fata. Tayoyin baya biyu ya kamata zafinsu ya zo ɗaya. In ɗaya ta yi zafi ɗayar tana sanyi, ciwon yana wannan kusurwa. In duka biyun sun yi zafi, a duba abin da suka yi tarayya a kansa: birkin hannu da aka ɗaure fiye da kima, ko tiyon da ke saukowa daga jikin mota zuwa aksul, ko bawul ɗin da ke raba ƙarfin birki gwargwadon nauyin kaya a tsofaffin motoci. In kuwa tayoyi huɗu ne suke riƙewa, kuma abin yana ƙaruwa da tafiya, a koma babbar tukunyar birki, wato masta, a duba ko fedar tana da ɗan wasa kafin ta fara kamawa. In babu wasan nan, ƙaramin ramin da mai ke komawa ta cikinsa ya toshe ke nan. Dubi yawan abin da tafin hannu ya faɗa mana, ko noti ɗaya ba a kwance ba.

Na uku, jak. A sa weji a tayoyin gaba, a ɗaga baya, a tokare motar da abin da ba zai goce ba, kada a dogara da jak kaɗai. A saki birkin hannu, giya a firi. A juya kowace taya da hannu. Dole a ji ɗan nauyin aksul, amma bambanci tsakanin hagu da dama ake nema. Daga nan wani ya taka birki da ƙarfi sau biyar ko shida ya saki, a sake juyawa. In tayar ta ƙi, ga gwajin da ke raba gardama: a ɗan kwance ƙaramin notin da ake fitar da iska ta cikinsa a jikin kalifa. In mai ya yi tsartuwa kuma tayar ta saki nan take, kalifar ba ta da laifi, mai ne ya shiga ya kasa komawa. Mafi yawan lokaci tiyon roba ne ya ruɓe ta ciki, wani ɓangarensa ya zama kamar ƙyaure, yana barin mai ya shiga ya hana shi fita, alhali ta waje lafiya lau kake ganin sa. Domin a tabbatar, a maimaita, amma a wannan karon a kwance mahaɗin da ke saman tiyon. In ba ta saki a nan ba sai a notin ƙasa, tiyon ne. In ta saki a sama, laifin yana can gaba da shi.

In kuwa an kwance notin babu abin da ya canja, tayar tana nan a riƙe, to ƙarfe ne ya maƙale. A zare kalifar a ajiye gefe, kada a bar ta tana lilo a jikin tiyo. In farantin ya juya sakayau, a gwada sandunan zamiya, ya kamata su shiga su fita da yatsa biyu. A duba takalman ko tsatsa ta manne su a mazauninsu. A gwada mayar da fistin, a duba robar da ke rufe shi ko ta yage. In kuwa an cire kalifa amma farantin bai daina riƙewa ba, babu sauran wanda ake tuhuma sai birkin hannu. A nan ake samun kebul da ya yi tsatsa cikin rigarsa, ko ɗan hannun ƙarfen nan da laka ta daskarar, ko sifirin da ya karye, ko fatar takalmi da ta ɓanɓare tana yawo cikin ganga. Wani lokacin kuma man giya ne ya ɓullo daga aksul ya jiƙa takalman, suna damƙa suna saki. Duk wannan binciken, a hannun wanda ya san aikinsa, bai kai awa guda ba.

Ko tsohon takalmin da ake jefarwa a bola yana da nasa bayanin. In na ciki ya fi na waje cinyewa sosai, ko ya cinye a karkace, sandunan zamiya ko fistin ne. In biyun sun cinye daidai amma sun fi na ɗaya tayar, wani abu ne ke hana su saki. In fuskarsu tana ƙyalli kamar gilashi, farantin kuma ya yi shuɗi-shuɗi, zafi ne ya gasa su. Littattafan gyara na Toyota sun sa milimita 1 a matsayin iyakar ƙarshe ta kaurin takalmi, amma mai hankali ba ya jira ya kai nan. Farantin shi ma an buga mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa, sai dai mutum nawa ne ke goge tsatsa su karanta? A nan nake da magana da mai shago. Kai da ka ga mutum ɗaya ya dawo sau uku neman takalmin mota ɗaya, ka san akwai matsala. Shirun da ka yi cin amana ne. Haka kuma sayar da takalmi na taya guda, alhali ka san hagu da dama tare ake canja su, da miƙa jabu cikin kwalin asali. Araha dai ba ta ado, a birki kuwa har rai take ci.

Da ma a canki-canka aka tsaya, da sauƙi. Akwai dabarun da wasu ke taƙama da su waɗanda suka fi ciwon muni. Taya ta riƙe, sai a kwance bututunta a cusa ƙusa, ko a daddatse shi da guduma, a kashe birkin wannan tayar ɗungurungum. Ƙara ta ɗauke, zafi ya tafi, mota ta koma birki uku, ranar da aka taka da ƙarfi kuma ta fizge gefe guda. In an yi haka a daji domin a lallaɓo zuwa gari, wannan lalura ce. Amma motoci nawa ne suke cika kaka guda da ƙusar nan a jikinsu? Wani kuma ya tsaya a bakin hanya ya kwara wa wili mai zafi ruwan jarka, farantin ya karkace ko ya tsage. Wani ya wanke fistin da robobinsa da fetur ko gas, ko ya cika sandunan zamiya da giris ɗin boris. Robar birki ba ta shiri da duk abin da aka samo daga ɗanyen mai, kumbura take yi, bayan 'yan makonni ta riƙe fiye da da. Tana da nata giris na musamman. Wannan shi ne gyaran gangar auzinawa. Sannan a bar yaron gareji yana hura ƙurar ganga da iska yana shaƙa, alhali ba a san da me aka yi takalmin ba.

Sai man birki, wanda ba a tuna shi sai ya ƙare. Irin wanda aka rubuta DOT 3 a jikin gwangwaninsa, sabo, ba ya tafasa ƙasa da digiri 205. DOT 4 kuwa 230. Amma man nan yana tsotsar danshi daga iska. In ruwan da ya sha ya kusa kashi 4 cikin 100, ma'aunin DOT 3 yana saukowa zuwa 140, na DOT 4 zuwa 155. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suke cewa a zubar a sa sabo duk bayan shekara biyu. Yanzu haɗa tsohon mai da ya sha damina biyar, da taya mai riƙewa tana dafa kalifa, da zafin Afrilu na Gadarif da ke haura digiri 40. Man ya tafasa ya zama tururi, tururi kuma matsuwa yake yi, sai direba ya taka feda ta tafi ƙasa salin-alin. Ruwan nan kuma shi ne yake sa fistin tsatsa ta ciki. Masu ƙara man giya ko ruwan sabulu a tukunyar birki kuwa, su sai dai addu'a.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce: malam, kana zaune a ɗaki mai sanyi gaban makirfo kana ba da fatawa, ka manta halin da ƙasa take ciki. Ban manta ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, kasuwannin kayan mota na Khartum da muka dogara da su suka watse, kaya suka yi wuya, kuɗi ya karye. Bayan abin da ya faru a Madani a watan Disamban shekarar, garin nan ya cika da baƙi, kowane gida yana ciyar da ninkin bakin da ya saba. Duk gaskiya ne. Amma wannan hujja tawa ce, ba taku ba. Mai kuɗi ne yake iya canja takalmi, ya canja faranti, ya canja kalifa, har ya dace. Talaka harsashi ɗaya gare shi, dole ya auna kafin ya harba. Sandar zamiya da ta maƙale wankewa take so da ɗan giris. Kebul mai laka tsaftacewa yake so. Tiyo bai kai kalifa tsada ba ko kusa. Taya mai riƙewa kuma kullum tana shan man da aka sha wuya kafin a samu. Lokacin tsanani shi ne lokacin da caca ta fi haramta.

Usta shi ma yana da nasa kuka, kuma a nan ina bayansa. Zai ce: in na ɓata awa guda ina bincike, na gano tsakuwa ce, na cire, mai mota zai ce ai ba ka yi komai ba, ya miƙo mini kuɗin shayi. In kuwa na canja wani abu, ya ga tsoho a ƙasa, zai biya ba gardama. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma laifin masu mota ne. Mu ne muka koya wa bakanikai cewa ƙarfe muke biya, ba ilimi ba. Mutumin da zai biya likita kuɗin dubawa kafin a rubuta masa magani, shi ne zai ga ƙyashin biyan usta kuɗin gano ciwo. Muddin ba mu gyara wannan ba, bakanike na ƙwarai zai ci gaba da talaucewa, mai canki-canka yana gina gida. Akwai ustoci a garin nan da suke yin duk gwajin da na lissafa tun kafin a haife ni, ba su taɓa shiga aji ba. Su ne ake cewa suna da nawa, ana tsallake su a tafi wurin mai sauri. Amma usta, ƙin biyan da ake yi maka bai halatta maka ka saki mota ka san ba ta warke ba. Faɗi gaskiya, in ya ƙi ji, ka fita haƙƙinsa.

Wasu kuma cewa suke birkin baya ai ɗan rakiya ne, na gaba ne ke aiki. Gaskiya ne na gaba ya fi ɗaukar nauyin tsayawa. Amma na baya shi ne yake riƙe gindin mota kada ya juyo, kuma aikinsa yana ƙaruwa da nauyin kaya. Jif ɗinmu kuwa ba ta tafiya wayam. Buhuna ne a baya, jarkoki a sama, mutum tara ko goma a ciki. Ban da haka, zafin taya mai riƙewa ba ya tsayawa a birki. Yana narkar da giris ɗin boris, ya ƙone robar da ke tare man aksul, ya gasa taya ta ciki. A irin motocin da boris guda yake riƙe da sandar aksul, in ya watse, taya da sandarta na iya zarewa su bar motar. Ka tuno hanyar Doka zuwa Gallabat a kan iyakar Habasha, ko babban titin da ya bi ta Shuwak zuwa Kasala, da manyan motocin da ke tahowa daga Bur Sudan cike da kaya. A irin wurin nan ne kake son ka gano cewa birkinka uku ne?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asarar rai. In abin ya faru a nan, sai mu taru a zauren makoki mu ce birki ne ya tsinke, ƙaddara ce. Babu mai jayayya da ƙaddara. Amma kalmar nan "ya tsinke" tana ɓoye abu da yawa, kamar a ce lafiya lau yake sai kawai ya yanke. Birkin da ya yi wata biyu yana kuka, yana ƙauri, yana ƙona hannun mai wanke mota, ya yi sallama iyakar iyawarsa kafin ya tafi. Malamanmu sun sha gaya mana cewa ɗaure raƙumi ake fara yi kafin tawakkali. In kunne ya ji, jiki ya tsira, amma sai in jin ya kai ga aiki.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba shi da tsada. Mai mota, kafin ka yarda a sayo ko wane ƙarfe, ka tambayi usta: me ya nuna maka shi ne? In amsarsa "na saba gani" ce kawai, ka ce a ɗaga motar a juya taya a gabanka. Bayan an gama aiki a sake juya ta, a fita gwaji, a dawo a ji zafin wili biyu. Ka biya kuɗin bincike ko da tsakuwa aka ciro, ka biya da fara'a, domin ranar ce ka fi cin riba. Da ruwa ya ɗauke, kafin riɗi ya nuna, ka sa a buɗe tayoyin baya a wanke lakar damina, ba a fafe gora ranar tafiya. In za ka ajiye mota ta daɗe, ka sa mata weji, ka saki birkin hannu. Usta, ka koya wa yaranka gwajin notin nan kafin ka koya musu hanyar shago. Mai shago, in fuska ta dawo maka karo na biyu kan takalmi ɗaya, ka ce masa ya je a duba masa abin da ke matsewa, ko da cinikin ranar zai wuce ka.

Fasinja ma ba a bar shi a baya ba. In ka shiga mota ka ji tayar baya tana kuka, ko ka ji ƙauri in an tsaya, ka yi magana. Direba zai haɗe rai, wataƙila sauran fasinjoji su ce ka cika tsoro. Ka daure, kujerar da kake kai a saman tayar take.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.